Malam Iliyasu da Sojan Cikin Majigi

Malam Iliyasu na Birnin Kudu, Allah ya ji ƙansa, ɗan gidan malamai ne gaba da baya. Kakansa ya rubuta Alƙur'ani da ka, ubansa ya karantar da rabin malaman da ke tsakanin Kiyako da Gwaram. Shi kuwa Iliyasu da aka zaunar da shi gaban allo, sai ya dubi karatu, karatu ya dube shi, kowa ya kama gabansa. Mu taubasansa mun sha gaya masa cewa babu allon da ya kai nasa hutawa a duk ƙasar Kano. Ya dai sauke da ƙyar, gemu ya riga ya fara leƙowa, aka yi sadaka rabi don murna rabi don mamaki. Daga nan ya koma gona, ya noma dawa da gyaɗa har ƙarshen ransa, dogo, siriri, da wuya irin na zalɓe, da wani keke da ya girmi Najeriya nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya ya gada wurin ubansa, fassarar mafarki. Tsohon ya koya masa cewa mafarki a rataye yake, fassarar da aka fara yi masa ita yake faɗowa a kai, saboda haka mai fassara ya kiyayi bakinsa. Iliyasu ya riƙe wannan magana da hannu biyu, har ya wuce inda malaminsa ya tsaya. Tunda ya fara, ba a taɓa kawo masa mafarki ya ce mummuna ne ba. Wani mahauci ya ga kura ta kora shi har cikin rumbu, Malam ya ce rumbun nan zai cika har namun daji su ji labari. Wata tsohuwa ta ga haƙoranta sun zube tas a cikin ƙwarya, abin da kowa ya san ba a so, Malam ya tambaye ta ko ƙwaryar sabuwa ce. Ta ce sabuwa fil. Ya ce to ta saurari kyautar ƙwarya. Da mutum zai yi mafarkin ana binne shi, Malam Iliyasu cewa zai yi ya kusa samun fili. Mutane suna dariya, amma zaurensa ba ya rabo da baƙi da sassafe, kowa da ɗan goronsa ko ƙwan zabi, kuma duk wanda ya shiga fuska a murtuke sai ya fito yana gyara hula.

Wajen shekarun samun mulkin kai motar majigi ta saba zuwa daga Kano da rani. A kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa, a tayar da inji bayan magariba, a nuna yadda ake zuba takin zamani, ko yadda ake rufe rijiya, ko allurar rigakafi, wani mutum yana bayani ta lasifika. Wannan duk bai shafi Malam ba, don abin da aka riga aka fassara ba ya bukatarsa. Abin da ya shafe shi facin Manu ne.

Manu shi ne mai majigin, wani ɗan gajeren Bafillace mai shegen tattali. In zaren hoto ya tsinke ko ya ƙone aka yanke, ba ya zubar da guntun. Sai ya liƙa shi da gam a jikin wani guntun, wannan daga hoton gona, wancan daga hoton asibiti, har ya tara faifai guda. Shi yake fara sawa kafin na gwamnati, don inji ya yi ɗumi mutane kuma su taru. Ba murya, ba kai, ba gindi. Sai ka ga sauro ya kai raƙumi girma yana wasa baki, kafin ka gama tsorata ga wata Baturiya tana dariya ba sauti, sai dalar gyaɗa, sai jariri a kan sikeli, sai teku. Mutane suka sa masa suna faci, kuma in gaskiya za a faɗa, shi suke zuwa kallo. Takin zamani haƙuri kawai ake yi da shi.

Ran da Malam Iliyasu ya fara ganin faci ya yanke hukunci. Ya ce abin da ake gani cikin duhu, mutane suna motsa baki ba a jin su, kana gona yanzu ka tsinci kanka a teku, wannan ai ba sai an tambaya ba, mafarki ne. Gwamnati ce take mafarkinta, mu muna leƙe. Tun daga nan duk zuwan majigi, washegari zaurensa ya cika har waje. Ya ce ƙaton sauro alama ce ƙananan mutane za su yi girma. Jariri a sikeli, haihuwa za ta yi daraja. Baturiya mai dariya ba murya kuwa, ya ce Turawa ne suke bankwana, ba su da sauran magana.

Malam da matarsa Balaraba suna da 'ya'ya mata da suka yi aure a ƙauyuka, namiji kuwa ɗaya ne, Ƙasimu, kuma shi ne na fari. Kunyar ɗan fari a gidan nan ta wuce ta ko'ina. Ba uwar ba uban, babu wanda ya taɓa kiran sunansa. Yaron nan, ko wancan, shi ke nan. In wani baƙo mai suna Ƙasimu ya yi sallama, sai Malam ya ce wa Balaraba mai sunan wancan ne ya zo. Ƙasimu yana yaro ya faɗo daga kan dutse wajen korar awaki, maɗori ya ɗora kafaɗar hagu ta zauna ƙasa kaɗan, ya tashi yana tafiya a karkace kamar wanda ke sauraron wani abu a ƙasa. Ko a cikin taron Idi ka hango bayansa ka san shi ne.

Da yaƙin basasa ya yi zafi, ana ɗaukar duk mai ƙafa biyu, Ƙasimu ya ce zai shiga soja. Ranar tafiyarsa Malam bai raka shi tasha ba, don uba ba ya raka ɗan fari mutane suna gani. Ya saɓi fartanya ya ce gona zai je. Ya kuwa je, amma gonar a bakin hanya take, ya tsaya a cikin dawa yana kallon bayan yaron har ya sha kwana. Balaraba ita ma ta tsagar ƙyauren zaure ta leƙa. Su biyun bayansa suka gani, babu wanda ya gaya wa ɗan'uwansa ya leƙa.

Saƙo ya zo sau ɗaya, ta bakin wani soja mutumin Gwaram, cewa ya ga Ƙasimu a bakin wani babban kogi, lafiyarsa ƙalau, yana gaida gida. Daga nan shiru. Yaƙi ya ƙare, sojoji suka dawo, wasu da rediyo a kafaɗa, wasu da sanda a hammata, wasu kuma aka kawo labarinsu aka yi zaman makoki aka tashi. Ƙasimu ba shi ba labarinsa. Malam ya je Kano ya tambaya, aka ce ya koma ya jira. Ya koma ya jira. Ba a ce ya mutu ba balle a yi masa addu'ar mamaci, ba a ce yana raye ba balle a sa ido a hanya da dalili. Balaraba ta daina ba da labarin mafarkinta ko da wasa, shi kuma bai tambaye ta ba.

Ana cikin haka, wata bazara mai zafin da kaza ke yin ƙwai dafaffe, motar majigi ta zo. Balaraba ta bi tsofaffin unguwa suka zauna ɓangaren mata, Malam yana gaba a kan buzunsa. Manu ya sa faci, an ƙara masa sababbin guntaye. Ga sauro, ga dalar gyaɗa. Sai ga wasu hannaye, ba fuska, suna wanki da sabulu a cikin kwano. Sai farin ƙyalle a kan igiyar shanya, iska tana kaɗa shi. Sai kwalekwale a kan ruwa, ba kowa a ciki. Sai ga bayan wani soja shi kaɗai a kan hanya, ya doshi kogi, kafaɗarsa ta hagu a ƙasa.

Malam ya yunƙura a kan buzu. Kafin ya gyara zama an wuce, Baturiya tana dariya. Can an jima hannayen suka dawo, da ƙyallen, da kwalekwalen, sojan ya sake bin hanyarsa ya doshi kogi. A karo na uku ne abin ya juye. Manu ya liƙa wannan guntun a birkice, sai ga hanya a sama, sojan ƙafa sama kai ƙasa kamar jemage, kuma ba tafiya yake ba, dawowa yake da baya-da-baya, yana baro kogin, yana ƙara girma, yana matsowa wajen mutane. Filin kasuwa ya kaure da dariya, yara suna tafi suna cewa a sake.

Ba su jira takin zamani ba. Malam ya naɗe buzu, ya tarar Balaraba ta riga shi gida, tana tsaye a tsakar gida ko mayafi ba ta cire ba.

"Malam, ka ga yaron nan."

"Na ga wani soja."

"Kafaɗar fa?"

Malam ya buɗe baki, ta tare shi. Shekara da shekaru tana jin abin da ake yi a zaure ta bayan katanga, ta san dokar sarai.

"Dawowa yake yi," in ji ta. "Na riga na faɗa. Kai ka ce ta farko ita ce, to ga ta farko nan, kada ka ɗora komai a kai."

Malam ya ce ba zai ɗora ba. Sannan ta ce abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, kan yaron a ƙasa yake, jini zai taru masa a ka, ga mutane suna yi masa dariya. Wa ya taɓa dawowa gida a haka? Ya je ya sami mai majigin nan ya ce a miƙar da shi, ya ƙaraso a kan ƙafafunsa kamar ɗan mutane.

Da gari ya waye motar ta riga ta wuce Kiyako. Malam ya ɗaura buta da buzu a bayan keke, Balaraba ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin rogo a tsumma, ya bi sawun taya. Keken nan kuwa in yana tafiya, mutanen ƙauye na gaba suna jin kukansa tun kafin ya baro na baya.

A Kiyako ya sami Manu yana shafa wa inji mai. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi zafi, aka koma aka sake tambayar gajiya. Sannan Malam ya ce, yana kallon wani wuri daban, akwai wani yaro a cikin facin nan da aka sa kansa ƙasa, da an taimaka an gyara. Manu ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce Baba ai wannan shi ne naman miyar, garin da duk aka je shi yara suke jira, in ya gyara shi wa zai zauna masa har a kai ga takin zamani? Ya tambaya ko Malam ya san sojan ne. Malam ya ce wani yaro ne na unguwarsu. Manu ya ce shi kansa bai san daga wane hoto guntun ya fito ba, a ƙasan akwati ya tsince shi, watakila ma tun kafin yaƙi aka ɗauka, kuma soja ta baya ai duk ɗaya ne. Malam ya ce mai mafarki ma bai san inda mafarkinsa ya samo mutane ba, amma ba ya hana su zama su. Manu ya ce to Allah ya ba da haƙuri, yana da aiki.

Da magariba Malam ya shimfiɗa buzu a gaba. Wannan karon ba sojan kaɗai ya kalla ba, ya lura da abin da ke rakiyarsa. Kowane zuwa, sai an wanke, sai farin ƙyalle, sai ruwa da jirgi. Wanka, farin ƙyalle, ƙetare ruwa. Wannan ko yaron da bai fara allo ba ya san inda ya dosa, balle ɗan gidan masu fassara. Malam ya ji maganar ta taso masa har maƙogwaro, ya danne ta da goro.

Mutanen Kiyako sun san shi, da safe suka kewaye shi a ƙofar masallaci suna tambaya. Ya ce wankin hannu ai ba a yin sa sai tuwo ya sauka, wani gida za a yi baƙo. Farin ƙyalle kuwa yadi ne, za a ɗinka wa baƙon riga. Wani mai wayo ya ce to jirgin da ba kowa fa, Malam? Malam ya ce ba kowa a ciki ne saboda mai shi ya riga ya sauka a gaɓar nan tamu. Aka ce madalla, aka watse. Shi kuwa ya hau keke ya nufi Gwaram yana maimaita fassarar a fili, ya faɗa wa keke, ya faɗa wa kukoki, ya faɗa wa wani jaki da ya tare hanya, kamar mai tilawar da yake tsoron kada ta zube.

A Gwaram aka yi abin da ya tayar masa da hankali. Ana tsakiyar dawowar sojan sai zaren ya maƙale, wani rami ya buɗe a tsakiyar hoton yana ci kamar wuta a tabarma, ƙyalle ya yi fari fat. Manu ya kashe inji, ya sa reza ya yanke inda ya ƙone, ya liƙa, ya ci gaba, ko a jikinsa. Amma Malam ya ga abin da aka rage. A Birnin Kudu yaron sai da ya wuce wani kututture a bakin hanya ya matso har kana ganin ɗinkin rigarsa. Yanzu kafin ya kai kututturen an wuce wurin. Ashe kowane gari injin nan yana cin wani abu daga dawowar. Malam ya tashi daga gaba ya koma gindin inji, ya cire hularsa yana yi masa fifita. Manu ya ce Baba wannan ba jariri ba ne. Malam ya ce ya sani, zafi ne dai ya yi yawa. Ya sake roƙo, ya ce yaron na gidansu ne, ɗan wani ɗan'uwa. Manu ya ce sai an samu sarari.

A hanyar Zandam kacar keke ta tsinke. Malam ya tura shi cikin rana, takalminsa ɗaya ya rabu biyu ya ɗaure da igiyar rama, ya isa an riga an gama faci ana bayanin rijiya. Bai tambayi kowa komai ba sai wani mai shayi, ya ce sojan nan mai kai ƙasa ya fito kuwa? Mai shayi ya ce ya fito, amma kamar walƙiya. Malam ya kwana a zauren mai unguwa, ƙuli-ƙulin Balaraba yana nan a ƙulle bai taɓa ba.

Ya riski motar a Fagam da azahar, an ajiye ta a gindin wata tsamiya. Manu yana kwance a inuwa, ya ɗaga kai ya gan shi, ya ce, "Baba, in aikin gwamnati kake nema ka faɗa, a ba ka kaki."

Malam ya jingine keke. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya tsuguna a gaban yaron da a haife ya haife shi, ya dubi ƙasa.

"Ɗana ne," in ji shi. "Na fari. Sunansa Ƙasimu."

Sunan ya fito masa da ƙyar, kamar an ciro ƙaya. Tun ranar suna bai taɓa bi ta bakinsa ba. Ya ce tun yaƙi ba a gan shi ba, uwar ce ta aiko, ba ta iya barci saboda kansa yana ƙasa.

Manu ya tashi zaune. Ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, ya dubi ƙafafun tsohon da suka tsattsage, da takalmin da aka ɗaure da rama, ya rufe. Ya shiga mota ya fito da faifan, ya warware zaren a kan cinyarsa har ya kai wurin. Ya ɗaga shi sama ya ce Baba duba. Malam ya kanne ido ɗaya. Ga 'yan sojoji nan a jere kamar tururuwa, kowanne a ɗakinsa, kowanne kafaɗa a karkace. Ya tambaya ko duk shi ne. Manu ya ce duk shi ne. Abin da ya rage bai fi kamu biyu ba. Manu ya yanke nan, ya yanke can, ya juya guntun, ya shafa gam, ya danne da babban yatsa. Malam ya yi ta sa masa albarka har da iyayensa da kakanninsa da shanun da bai gani ba. Ya je ya yi wanka a rafi, ya wanke rigarsa ya shanya, ya kwance ƙuli-ƙuli ya ci, har ya miƙa wa Manu.

Bayan magariba ya shimfiɗa buzu a gaba, ya zauna ya miƙe wuya. Hannaye suka wanke, ƙyalle ya kaɗa, jirgi ya yi lilo, soja ya doshi kogi. Aka zagayo, ya sake dosar kogi. Malam ya gyara zama, ya share ido da bakin riga. A karo na uku ga hanya a ƙasa inda hanya take, ga sama a sama, ga yaron tsaye cak a kan ƙafafunsa, kafaɗa a karkace. Ya ɗaga ƙafa. Ya doshi kogi.

Babu wanda ya yi dariya a Fagam, don babu abin dariya, soja ne kawai yana tafiya. Abin bai daɗe ba, wuta ta riga ta ci rabinsa. Ya yi 'yan takunsa, ya ƙanƙance, sai dalar gyaɗa.

Ana fara bayanin taki Manu ya bar inji yana juyawa ya zo ya tsuguna kusa da buzun. Ya yi ƙasa da murya ya ce laifinsa ne, ya so ya faɗa tun da rana. In Baba yana so, yanzu-yanzu zai mayar da shi yadda yake.

"Ba yadda za a yi ya miƙe kuma ya dawo?"

"Babu, Baba. Yana tafiya aka ɗauke shi. In ya miƙe, tafiya yake. In zai dawo, sai kai a ƙasa."

Malam ya daɗe yana kallon wani mutum a jikin ƙyalle yana barbaɗa taki a gindin masara. Kalma ɗaya ce, a mayar. In ya faɗe ta, sai ya koma gida ya ce mai majigi ya ƙi, Balaraba ta ci gaba da jiranta, shi ya ci gaba da tuwonsa da yadinsa da jirgin da mai shi ya sauka. Yaron kuma a ci gaba da yawo da shi gari-gari a rataye ta ƙafa, yara suna tafi, inji yana gutsurarsa, don tsofaffi biyu su samu abin riƙewa.

"Bar shi a tsaye," in ji Malam.

Da asuba ya kama hanya. Wani maƙeri ya ɗaure masa kacar. A kusa da Gwaram ya tarar ana aikin titi, kuɗin man fetur sun fara isowa, katafila tana ture kukoki, tifa tana zubar da tsakuwa, leburori suna yi wa kekensa tsiya, ɗaya ya ce a kawo shi a binne a ƙarƙashin kwalta a huta. Da can da ya tsaya ya rama har da riba. Ya wuce. Duk tsawon hanyar nan yana neman fassara, mutumin da ya samo wa zubewar haƙora kyautar ƙwarya. Ya juya hannayen, ya juya ƙyallen, ya juya jirgin. Kowanne ya tsaya a inda yake, ya ƙi motsi.

Ya shiga gida da la'asar sakaliya. Balaraba tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ajiye rariya, ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa a kwano, ta tsuguna nesa kaɗan har ya sha. Ta tambayi hanya, ya ce lafiya. Ta dubi takalminsa.

"An miƙar da shi?"

"An miƙar."

"A kan ƙafafunsa?"

"A kan ƙafafunsa, kamar kowa. Ba mai dariya."

Ta ce alhamdulillahi. Ta ɗauki rariyar, ta sake ajiyewa.

"Ina ya dosa?"

Malam ya dubi sauran ruwan da ke cikin kwanon.

"Gaba."

"Bai waiwayo ba?"

"Bai waiwayo ba."

Balaraba ta zauna a wurin, hannayenta fari fat da gari, har inuwar katanga ta rufe ta. Sannan ta tashi ta rufe garin da faifai don kaji, ta shiga ɗaki. Malam ya ji tana jan kaya. Ta fito da tabarmi, duk na gidan, har da sabuwar da ba a taɓa shimfiɗawa ba, ta kai su bakin zaure ta jingine. Ta ce ya aika wa liman, ya aika ƙauyuka a gaya wa 'yan'uwan yaron nan mata, kada su ji a bakin mutane.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ba gawa, ba makara, ba kabarin da za a nuna. Mutane suka yi ta zuwa, na gari da na ƙauye, mahaucin nan da tsohuwa mai ƙwarya da duk wanda ya taɓa shiga zauren da mafarki. A yi addu'a, a shafa, a ce Allah ya ji ƙan Ƙasimu, Malam ya ce amin. Wani dattijo da ya zo daga Kiyako ya matso ya tambaya a hankali, yaushe labarin ya iso, wa ya kawo, soja ne ko daga Kano aka aiko?

Malam Iliyasu ya ce ba wanda ya kawo. Ya ce shi ya je ya gani.